Rabin Ƙwayar Saje

Kawuna ya shekara ashirin da biyu yana gadin wurin yankan katako. Bai taɓa sa kakin soja ba, amma komai nasa bisa muƙami yake tafiya, har karnukansa biyu. Tsohon, mai shekara sha uku da furfura a baki, shi ne Saje, matashin kuma Kofur. Saje ke fara cin abinci, shi ke kwanciya a kan buhu mai laushi. Inna, matar Kawu, takan ce a gidan nan ita ce ta uku a layi.

Wata rana karnukan suka bi ɓera ta cikin waya mai ƙaya, suka yanke, ciwon ya yi ruwa. Ni na kwashe su a motar katako zuwa wurin likitar dabbobi. Ta auna nauyinsu, ta ɗebi jinin Saje, ta ba da maganin kashe ƙwayoyin cuta: Kofur ƙwaya guda safe da yamma, Saje rabi sau ɗaya a rana. Muna shiga mota Kawu ya fara ƙorafi. Wai yarinyar nan ba ta san girma ba, ina aka taɓa ba Saje rabi ga Kofur yana haɗiyar biyu? Na ce ya dai bi takarda. Ashe da muka rabu sai ya musanya musu.

Bayan kwana biyar, ya kira ni. Saje na ta amai, ya ƙi ruwa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa. Kofur kuwa ciwonsa sai wari. Raina ya ɓaci, amma da na je na ga Kawu rungume da karen nan, sai na haɗiye faɗan.

Da muka mayar da su wurin likitar, ita ba ta haɗiye nata ba. Ta ce ƙodar tsohon kare ta gaji, ba ta fitar da magani da wuri. Na jiya na nan a jini za a ɗora na yau, har ya taru ya zama guba. Matashi kuwa nan da nan jikinsa ke wanke shi, rabi ba ya yi masa komai. Ta sa wa Saje ƙarin ruwa, ta ce da mun ƙara kwana ɗaya sai dai a haƙa rami.

Kawu ya laluba aljihu ya fito da ledar maganinsa na hawan jini. Ashe tun watan jiya asibiti suka rage masa, shi ko ya ci gaba da shan yadda ya saba, wai raini ne.

"Likita, ƙodar mutum ma haka take?"

A motar katakon nan na wuce da shi asibiti. Saje dai ya tashi. Yanzu kullum da safe Inna ke raba ƙwaya da wuƙa, ta miƙa wa Kawu rabinsa. Yana karɓa ba musu, amma sai ya tabbatar an fara ba Saje.