Ranar da Kaka Ta Karɓi Taɓarya a Makarantarmu

Ko da zan tsufa har haƙorana su zube in koma rayuwa da kunu, akwai wata Asabar da ba za ta fita daga kaina ba. Ita ce Asabar ɗin da kakata ta ci ado ta tafi makarantarmu da niyyar raba ni da ajin motsa jiki.

Lokacin ban daɗe da shiga lise ba, wato babbar sakandare, a nan birnin Bangi. A ƙarshen zango makarantarmu takan shirya makon ɗalibai. Akan yi lacca a kan tsafta, wadda mukan je mu yi gyangyaɗi cikin ladabi. Akan yi bitar haɗa sabulu, kuma ina da yaƙinin sabulun da rukuninmu ya haɗa har yau bai daskare ba. Sai ranar Asabar 'yan matan ajin motsa jiki su nuna wa iyaye abin da suka koya. Ni ce a sahun gaba, a tsakiya ma. Malamarmu, wadda kowa ke kira Madam, doguwar mace ce 'yar unguwar Miskine, kullum da usur a wuyanta, in ta yi tsawa har tsuntsayen da ke kan mangwaro sai sun gyara zama.

Ina son ajin nan kamar raina. A gida sunana mai rawar kai, wadda ba ta iya zama wuri ɗaya, wadda ke tsallake bokiti maimakon ta kewaye shi. A wurin Madam kaɗai aka taɓa yaba mini a kan abin da ake yi mini faɗa saboda shi a gida.

Sai wata maƙwabciyarmu ta wuce ta bayan katangar makaranta a kan babur, ta ji kiɗa, ta hango kawunan 'yan mata suna sama suna ƙasa. Kafin labarin ya isa shagon Baba a Titin Koudoukou ya yi ƙiba, ya yi reshe, har an ce ni ce shugabar 'yan rawar Bangi gaba ɗaya. Baba mutum ne mai sanyi. Ya kira ni ya ce, "Ba zan yanke hukunci a kan abin da ban gani ba, kuma ba zan shiga taron mata ba. Inna za ta je ranar Asabar. In ta ce rawa ce, kin gama da ajin nan."

Inna ita ce mahaifiyarsa, mu kuma Kaka muke ce mata. Tana goye aka zo da ita daga Damagaram, amma in kun ji tana maganar tarbiyyar can, sai ku rantse jiya ta sauko daga mota. A ganinta Bangi ta lalata mu: bakinmu ya fi sauri da Sango, yaren 'yan gari, Hausarmu kuma duk ta karkace. Ko a gidan biki, da an soma kiɗa sai ta nemi takalmanta.

Na je na roƙi Madam ta sa mana kiɗa mai sanyi ranar Asabar. Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce da Sango, "Yeke yeke? A hankali? Jana'iza na gayyato iyaye?" Da na ga babu mafita sai na koma ga addu'a. Kowace salla ina roƙon Allah ya sa a ɗauke wuta ranar, lasifika ta mutu, Kaka ta ga muna motsa jiki shiru kamar salihan bayi. A Bangi kuwa wannan addu'a ce mai saurin karɓuwa.

Ranar Asabar ta zo. Tunda Kaka ta ji an ce "an gayyaci iyaye", a wurinta gayyata biki ce. Ta fito da leshinta na ƙasan akwati, ta kafa ɗauri, ta sa zoben zinariya, ta yi wanka da turare har sauron gidanmu suka yi hijira. Ta kuma ɗauko aminiyarta, wata Hajiya mai sayar da atamfa, gajeriya mai yawan dariya. Suka cika kula da funkaso, don ba a zuwa taro hannu rabbana. Da muka sauka daga tasi, sauran iyaye duk suna sanye da takalman gudu da hulunan rana, kakata kuwa kamar uwar amarya.

Kafin a fara ta kira 'yan ajinmu ta hau raba funkaso. "Ku ci, ku ci, dubi wuyanku kamar na zabi." Madam ta taho da gudu tana cewa ba a cika ciki kafin tsalle. Kaka ta miƙa mata guda biyu. Ta ci kuwa, ina kallo.

Aka ba su kujeru a gaba suka zauna kamar alƙalai. Muka jeru. Madam ta busa usur, lasifika ta saki kiɗan da ya sa ƙasa ta girgiza. Na saci kallon Kaka, na ga girarta ta tashi ta kusa shigewa ƙarƙashin ɗauri. Mun ɗaga hannu, mun taka dama, mun taka hagu, sai ɗif! Wuta ta tafi.

Saura kaɗan in yi guɗa. Na ce a raina, Allah na gode, ashe ni ma ina da daraja.

Abin da ban lissafa ba shi ne, duk motsin nan da kiɗan muka haddace shi. Madam ta hau ƙirga da baki tana busa usur, amma ina! Masu zuwa dama suka yi karo da masu zuwa hagu. Wata ta durƙusa lokacin da ta bayanta ta yi tsalle. Ni da kaina na taka ƙafar ƙawata har ta zage ni da harsuna biyu. Iyaye suka soma dariya. Madam ta ce a tsaya a jira wuta.

Kaka ta yafito ni da yatsa.

"Ke, ja'ira. Me ya tsayar da ku?"

"Wuta aka ɗauke, Kaka."

"Au, da wuta ƙafafunku ke aiki?"

"A'a, kiɗan ne ya tsaya."

Ta gyaɗa kai a hankali. "To, alhamdu lillahi, na ga abin da na zo gani. Abin da ba ya yiwuwa sai da kiɗa, tun zamanin kakannina sunansa rawa. Ɗauko hijabinki mu tafi."

Addu'ata ce ta kashe ni. Na ɗauko hijabi da jakata na bi bayansu, idona ya cika da hawaye, 'yan ajinmu suna kallona kamar ana tafiya da ragon layya.

Kafin a kai ƙofar makaranta akwai rumfar wata mata mai sayar mana da abinci, muna kiranta Mama. 'Yarta ce ƙawar tawa da na taka wa ƙafa. Ranar Mama ita kaɗai ce, tana dakan ganyen rogo na miyar ngunza don taron da zai ci abincin rana. Gumi ya jiƙe ta sharkaf, ga taɓaryar 'yarta a jingine.

A nan ne al'ada ta yi aikinta. A wurinmu mace ba ta wuce 'yar'uwarta tana daka ba tare da ta ce sannu da aiki, kawo in kama miki ba. Ita kuma mai dakan ta san amsar: "A'a, wallahi bar shi, ai na kusa gamawa." Shi ke nan, an gaisa, kowa ya kama gabansa. Na ji Kaka ta yi wannan tayin sau babu adadi a unguwarmu ta Kilomita Biyar, ban taɓa ganin an karɓa ba.

Kaka ta tsaya, ta haɗa Sangonta na kasuwa ta ce, "Bara mo, sannu 'yata. Kawo in kama miki."

Mama ba Bahaushiya ba ce. Fuskarta ta washe. "Singila mingi, Mama! Na gode!" Ta danƙa wa Kaka taɓarya a hannu, ta zube a kan benci tana fifita da zani.

Jama'a, da kun ga kakata! Ga leshi, ga zinariya, ga turare, ga taɓarya jiƙe da koren ganye. Ta dubi taɓaryar, ta dubi Mama, tana jiran a ce wasa ake yi. Babu wanda ya ce. Hajiya mai atamfa ta riƙe ciki tana dariya har ɗaurinta ya zame.

"Ke kuma kin tsaya kina washe baki?" in ji Kaka tana hararar Hajiya. "Ga ɗayar can, ɗauko. Magana ta riga ta fita."

Ta miƙo mini zobenta, ta ɗaure gyale a ƙugu, ta yi bisimilla.

Da farko daka ne kawai na fitar da kai kunya. Dum. Dum. Wannan ta sauke, wannan ta ɗaga. Sai Hajiya ta ce, "Hala hannun ya tsufa ne, ƙawata?" Wannan ce maganar da ta tayar da tsohon tsimi. Kaka ta buga taɓarya a gefen turmi, ƙwas! Ta wurga ta sama, ta tafa, ta cafe. Hajiya ta mayar mata. Dum, ƙwas, tafi, dum! Shi ne lugude, wanda nake jin labarinsa ban taɓa gani ba, don mu a gida inji ake kai wa komai. Tsofaffin nan biyu suka manta da leshi, suka manta da makaranta, suka manta da ni.

Ƙafata ce ta fara cin amanata. Ina riƙe da jaka da zobe, sai na ga tana taka dama tana taka hagu ita kaɗai. Na waiwaya, ashe duk filin haka ne. Madam ta karkata kunne, ta ƙirga da yatsa, sai ta juyo da sahu gaba ɗaya suka fuskanci rumfar Mama. Ta dube ni ta nuna gurbina da haɓa. Na ce a raina, wanda ya riga ya jiƙe ba ya tsoron yayyafi. Na cusa zoben a jaka na ruga.

Usur ya tashi, muka ɗauka daidai kan saukar taɓarya, babu karo babu taka ƙafa. Can Kaka ta ɗago ta gan mu. Na ga ta gane. Maimakon ta tsaya, sai ta ƙara wuta don ta watsa mu. Muka bi ta. Ta sassauta, muka sassauta. Ta wurga taɓarya ta tafa, mu duka muka yi tsalle muka tafa tare da ita, ƙarar ta cika filin. Iyaye suka miƙe tsaye, wata uwa ta rangaɗa guɗa. Ana cikin haka aka dawo da wuta, lasifika ta fasa ihu. Kaka ko waiwaye ba ta yi ba ta daka tsawa, "A kashe wannan abu, yana ɓata mana daka!" Madam da kanta ta je ta zare wayar.

Da Mama ba ta taso tana roƙo ba, ina jin da har yanzu muna can. Ganyen ya yi laushi har ya zama kamar man shafawa. Mu kuma mun zube a ƙasa muna haki, tsofaffin biyu suna tsaye suna gyara ɗauri kamar babu abin da ya faru.

A tasi Hajiya ta riƙa fashewa da dariya jifa-jifa. Bayan la'asar Baba ya dawo, ya zauna gaban mahaifiyarsa. Ni ina bakin ƙofa ina share wurin da na riga na share.

"To Inna, rawa ce?"

Kaka ta hau murza kafaɗa. Hajiya, wadda ta ƙi tafiya gida don kada wannan ya wuce ta, ta ce, "In dai rawa ce, Alhaji, ga makaɗiyar nan zaune a gabanka."

"Ni?" Kaka ta zaburo. "Allah ya kiyashe ni! Ban taɓa yi wa kowa kiɗa ba tunda uwata ta haife ni. Daka na yi. Su kuma aiki suka yi, aikin ƙarfi, sai dai babu turmi a gabansu. Asara ce kawai." Ta harare ni. "A bar ta ta ci gaba da zuwa. Amma tunda ƙarfin ya yi mata yawa, daga gobe geron furata ba zai ƙara ganin inji ba."

Baba ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ni kuwa na yi tsalle na tsallake bokiti, karo na farko ba a yi mini faɗa ba.

Na ci gaba da ajina, na kuma biya da tafin hannuna, don sai da ya yi kanta kamar bayan kada. Yanzu na iya lugude, duk da sau ɗaya taɓarya ta sauko mini a ka har na ga taurari da rana tsaka. Kaka kuwa tun daga ranar, in ta ga mai daka a wajen unguwarmu, daga nesa take ɗaga hannu ta ce sannu, ta ƙara sauri.

Abin da na koya shi ne, na ɓata kwanaki ina neman dabarar ɓoye wa Kaka abin da nake so, don na ɗauka a tsohuwa aka haife ta. Ashe ita ma ta taɓa zama mai rawar kai, kuma yarinyar tana nan a cikinta ba ta je ko'ina ba. Gardama ba ta fito da ita, roƙo ma haka. Sai dai a yi sa'a wani ya miƙa mata taɓarya.