Gayaunar da Baba Ya Ware Mini

Ni ɗan fari ne, kuma duk wanda ya tashi a ƙauyukanmu na wajen Gazara ya san abin da hakan yake nufi. Baba bai taɓa kiran sunana ba. Ina yaro "kai" nake, da na fara koyarwa a wata sakandare a Ikara sai na koma "malamin makaranta". Bai taɓa zaunar da ni mun yi hira ba, wai kunyar ɗan fari. Autanmu kuwa, wanda na ba shekara goma sha ɗaya, a cinyarsa ya girma, kuma kwano ɗaya suke cin tuwo har ya yi gemu. Ban taɓa cewa uffan ba. Al'ada ce, wa zan kai wa ƙara?

Sai hawan jini ya kayar da Baba a gonar rake, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Mutumin da rana ba ta taɓa fito masa a ɗaki ba ya koma zaman tabarma a rumfa yana kallon kaji. Duk Asabar nakan hau babur daga Ikara in zo duba shi, amma da mun gama gaisuwa sai mu yi tsit kamar baƙi a tashar mota. Don in rage wa kaina wannan shirun na kawo na'urar gem da wani abokina na Zariya ya bar mini, na haɗa ta da talabijin ɗin rumfa. Wuta ba matsala, domin Auta, wanda ke gyaran waya a Makarfi, ya riga ya sa wa gidan sola.

Wasan da ke ciki ba irin na ƙwallo ba ne. Ƙasa guda ake ba ka, da duwatsunta da rafukanta da ƙauyukanta, da wani matafiyi da za ka tafi da shi duk inda ka ga dama, ba mai ce maka bi nan. Taswirar baƙa ƙirin take da farko, sai inda ƙafar matafiyin ta taka ne yake haskakawa. Masu wasa sun yi ta yabonsa ko'ina, kuma ya cancanta.

Baba dai ya kalle ni ya ce, "Gardi da 'ya'ya uku, wasan yara." Asabar biyu yana juya wa talabijin ɗin ƙeya. A ta uku ƙishirwa ta kusa kashe mini matafiyi, ina ta bulayi a wani fako, sai na ji murya a gefena.

"Kai, ina za ka? Ba ka ga inda bishiyoyin can suka yi layi ba? Ruwa na ƙarƙashinsu."

Na bi. Ga rafi kuwa, yana gudu. Na waiwayo na ga Baba yana dariya da rabin bakinsa mai lafiya, yana cewa, "Boko dai bai koya muku komai ba."

Daga ranar rimot a hannuna yake, amma ido na Baba ne. Wajen zamana gefensa na dama, ɓarin da yake ji. Shi ke duba hadari ya ce mu nemi tudu. Shi ke hana ni kwana a kwari. Faɗa da dodanni bai dame shi ba, in ya taso sai ya ce in gama da wuri mu wuce. Abin da ba ya yafewa shi ne in ratsa da doki ta cikin gonar mutane. Na ce, "Baba, ai ba mutanen gaske ba ne." Ya ce ko na wasa ne, a gabansa ba za a taka shuka ba.

Can kudu maso yamma, bayan wani dutse mai shafaffen kai, muka samo wata fadama mai bishiyoyi uku. Baba ya sa na tsaya na juya ido ko'ina, sannan ya ce, "Wannan ƙasar rake ce." Wasan ya yarda mutum ya kafa bukka ya yi shuka, muka kafa. Kullum kafin kiran magariba sai ya ce in mayar da bawan Allah gida kada duhu ya same shi a daji. A hanyar komawar nan ne, ina tafiya a hankali, Baba ya fara ba ni labari. Yadda yake kora jakuna da mazarƙwaila zuwa Kudan yana saurayi. Yadda ya fara ganin Inna a bakin rijiya ya kasa magana. Ina da shekara kusan arba'in ban taɓa jin ko ɗaya ba. Idonsa na kan talabijin, nawa ma haka, shi ya sa kunyar ba ta hana shi ba. Shekara ɗaya da rabi muka yi a haka, kuma wallahi ban taɓa samun abu mai daɗinsa ba.

Da aka fitar da kashi na biyu na wasan, na sa abokina ya samo mini. Na naɗe shi a leda na ajiye a jaka, na ce sai an gama jarrabawa in kai wa Baba bagatatan. Asabar biyu ban je ba saboda makin takardu. A ta uku na taho ina murmushi ni kaɗai a kan babur kamar sabon ango.

Tun daga zaure na jiyo dariyar Baba. Ba irin wadda yake yi mini ba, wannan har da tari. Na shiga na tarar da Auta zaune a gefen dama, a wajena, rimot ɗina a hannunsa, kashi na biyu a talabijin. Wai wani mai kawo masa gyaran waya ne ya ba shi. Kwanansu goma suna yi, kullum bayan la'asar, ba Asabar kaɗai ba.

"Yaya, sannu da zuwa! Zo ka ga ikon Allah," in ji Auta, ko motsawa bai yi ba.

Na durƙusa na gaida Baba, ya amsa idonsa na wani wajen. Ledar nan ban fito da ita ba. Har yau tana cikin jakar.

To bari in faɗi gaskiya a kan wasan, tunda a lokacin ban faɗa ba. Ƙasar ita ce dai ta da, amma an ce shekaru sun wuce. Ƙauyuka sun girma, an yi gadoji, wasu rafukan sun canza hanya, taswirar kuma ta koma baƙa sai an sake takawa. Akwai damina da rani, ka ga dawa ta fito ta yi kai an girbe. Ruwan sama yana zaizaye hanya har doki ya zame. Sannan an ba matafiyin wani abu mai fukafukai da zai hau tudu ya saki jiki ya tashi da shi. Wannan ne ya tafi da Baba. Mutumin da sai an riƙe shi yake zuwa bayan gida, ga shi yana shawagi a kan gonaki yana nuna kunyoyi da hannunsa mai lafiya. Na ji ya ce wa Auta, "Ashe haka shaho yake ganinmu! Ƙara yin sama, ɗan albarka."

Ɗan albarka. Shekara ɗaya da rabi ina tafiya da shi a ƙasa, ban samu wannan ba.

Kishi ya turnuƙe ni, ba zan ɓoye ba. Na gyara zama na fara sharhi kamar an tambaye ni. Na ce na biyun nan hayaniya ce kawai. Na ce sun cika shi da tarkace don su rufe rashin basira. Na ce an sa wata kibiya tana nuna wa mutum hanya, to ina amfanin ido, ina amfanin sanin daji? Na ce wanda ya tashi sama ai bai san ƙasa ba, na malalata ne. Wannan ta ƙarshen da Auta nake, kuma ya gane. Ya ce, "Yaya, ana iya kashe kibiyar fa, Baba ma ya sa na kashe." Na ce ban tambaye shi ba. Ya miƙo mini rimot, na ce hannuna ciwo yake. Ko magariba ban jira ba na ce ina da uzuri a Ikara.

Asabar ta zagayo na ce akwai taron malamai. Ta gaba na ce babur ya lalace, alhali lafiyarsa ƙalau. Ta gaba na tafi sunan ɗan wani abokin aiki a Likoro, mutumin da ko gaisuwar kirki ba ma yi. Ina kiran Inna a waya in tambayi jikin Baba, in ta ce ga shi sai in ce caji ya ƙare. Ina kwance ina ƙulla yadda suke can: Auta na jin labarin jakuna, Auta na jin labarin rijiya, labaran da na ɗauka nawa ne. Na ce a raina, shi da ya samu cinya da kwano, ɗan wannan ma sai ya haɗa da shi? Maiɗakina ta gaji ta ce, "Malam, wai da ƙaninka kake kishi a kan gem? Ko yaranka ba sa haka." Na ce ta fita harkata. Ta ce ta fita, amma fuskata ta yi kama da ta wanda aka hana rabon nama.

Asabar bakwai na yi. A ta takwas Inna ta kira da kanta, ba gaisuwa mai tsawo. Ta ce, "Kullum Asabar sai ya sa an share rumfa an shimfiɗa tabarma biyu. In ka daina zuwa ne ka faɗa, in daina wahalar da bayana." Ta kashe.

Na je, amma da fushina. Na tarar da su yadda na zata. Sai dai ina shiga Auta ya tashi daga gefen dama ya ajiye rimot a wajen, ya ce zai leƙa gona, ya fita. Na gaida Baba. Ya rame. Bai tambaye ni inda na shiga ba, ya ce, "Malamin makaranta, buɗe taswirar."

Na buɗe ina taɓe baki. Sun gama da ita kaf. Gabas, arewa, tsibiran cikin tafki, har kogunan ƙarƙashin duwatsu, ko'ina ya haskaka. Sai idona ya kai ƙasa ta hagu. Kudu maso yamma baƙi ƙirin, kamar an yanka da wuƙa, daga bakin kogi har ƙarshe. Wajen dutse mai shafaffen kai.

Na ce, "Nan fa? Ya gagare shi ne?"

"Na hana shi," in ji Baba. "Ko ta sama na ce kada ya bi. Gandu na kowa ne. Wannan gayaunarka ce."

A gidanmu kowa na noma gandu tare, amma kowane ɗa Baba yakan yanka masa 'yar gonarsa ta kansa, gayauna, kuma ko ciyawa ta cinye ta ba mai sa mata fartanya sai mai ita. Ni tun da na tafi makaranta aka haɗe tawa da gandu, na ma manta ina da ita.

Kunya ta kama ni, amma kishin bai sake ni ba, don har na buɗe baki na ce, "Shi duk ƙasar, ni ɗan lungu." Baba ya yi kamar bai ji ba. Na ɗauki rimot na tsallaka kogin da ƙafa, ban taɓa fukafukan nan ba. Hanyar ta canza, wata kuka da muka sani ta faɗi, an yi sabon ƙauye a inda da babu kowa. Baba na cewa bi nan, kauce wa shukar mutane. Can sai ga dutsen ya bayyana. Ina so in ga ko bukkarmu tana nan, ko bishiyoyi ukun sun girma. Na sa matafiyin gudu.

Baba ya ɗora hannunsa na dama a gwiwata. Tunda nake bai taɓa yi ba.

"Kai, yi a hankali. Kada ka gama shi yau."

Na ce, "Baba, ai saura kaɗan, ga dutsen nan."

Ya ce, "Na gani. Shi Auta kullum yana gida. Kai kuwa sai da dalili kake zuwa, kuma wannan ne kaɗai dalilin da ya rage mini."

Ban iya kallonsa ba, shi ma talabijin yake kallo. Na juya matafiyin ya ba dutsen baya, muka koma sabon ƙauyen nan muka tsaya kallon wata mata tana sussukar dawa har aka kira magariba.

Wata tara ke nan. Duk Asabar ina hanya, ko ana ruwa. Mun zagaye dutsen ta gabas, mun zagaye ta arewa, mun san kowace gona a gindinsa. Abokaina in sun tambaye ni ko na biyun ya kai na farko, nakan ce ban gama ba tukuna, sai su yi dariya su ce mutane sun gama a sati biyu. Har yanzu in na shigo na ji yana ce wa Auta ɗan albarka, kishin yakan ɗan motsa, ban warke ba. Bukkar kuwa ban san ko tana nan ba. Asabar da ta wuce ma mun kai har rabin dutsen, Baba ya ce hadari ya taso, mu koma. Na duba sararin wasan, ko gajimare ɗaya babu. Na ce, "Gaskiya ne, Baba," na juya.