Usta Hilmi, Mai Cire wa Yara Feda

Ƙarfe bakwai na safe Usta Hilmi yake ɗage ƙofar shagonsa na gyaran keke da ke unguwarmu ta Rus, a nan garin Shkodër. Usta shi ne laƙabin da muke ba gwanin sana'a. Ya fito da famfo ya jingine a bakin hanya don duk mai wucewa ya sa wa tayarsa iska kyauta, ya ɗora gahawa a wuta, sannan ya zauna yana amsa gaisuwa da ka. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan zai rufe. Hannu ya fara rawa, noti yana kuɓuce masa.

A garin nan kowa da kekensa, daga liman har fadan coci, har tsohuwa mai kai kifi kasuwa. Amma ba gyaran keken manya ne ya sa muke yi wa Hilmi jinjina ba. Kekunan yara ne, masu arahar nan da ake sayowa cikin kwali, fenti kamar alewa, ƙarfe kamar gwangwani. Sauran masu gyara ko kallonsu ba sa yi, wai wahalarsu ta fi kuɗinsu. Shi kuwa sai ya ce, "Yaro bai san araha ba. Jan fenti ya sani, da ƙararrawa."

Aikinsa iri ɗaya ne tun muna samari. Ya sassauta birki yadda ƙaramin hannu zai iya matsewa, ya sauke sirdi har ƙafa ta taɓa ƙasa. Sai kuma abin da ke jawo rigima: ya kwance ƙananan tayoyin gefe, ya kwance feda biyun, ya rataye su a ƙusa, ya rubuta sunan yaron da alli a ƙasanta. Ba za a mayar ba sai yaro ya tura da ƙafa, ya ɗage su sama, ya gangara daga ƙofar shago har gindin ɓauren can.

"Usta, cikakken keke fa na saya!" in ji iyaye.

"Na gani. Cikakken mahayi ka haifa?"

Ranar da ba ma mantawa ita ce ta Fatmir mai gidan burodi, mutumin da bai taɓa cewa ya yi kuskure ba tun da aka haife shi. Ya sayo wa 'yarsa Blerta keke ranar da ta cika shekara shida, ya haɗa da kansa, ya ce ba ya buƙatar wani tsoho. Sau uku yarinyar tana hawa, sau uku tana kifewa. A na ukun haɓarta ta fashe, sai da aka yi ɗinki. Daga nan ko an nuna mata keken sai ta ruga bayan uwarta. Fatmir kuwa a gaban masu sayen burodi yake cewa, "'Ya'yan kowa sun iya, tawa ce matsoraciya." Yarinyar na ji. Har ta fara faɗa da bakinta, in sa'o'inta sun kira ta: "Ni ba na iyawa."

Bayan wata guda ya sungumo keken zuwa shago, Blerta na biye da shi nesa-nesa.

"Usta, samo mini mai saye. Asara na yi."

Hilmi ya dubi keken sau ɗaya, ya ajiye kofinsa.

"Wa ya ɗaura gaban nan?"

"Ni. Da matsala ne?"

"Fatmir, kai dai tsaya ga kwaɓin fulawa. Ƙarfen da ke riƙe tayar gaba a baibai ka sa shi. Duk sanda ta karya kan keken, taya ta daki ƙafarta. Ko ni na hau sai na sha ƙasa."

Kunnuwan Fatmir suka yi ja. Can ya rage murya. "To juya shi mana, ba sai an tara mini jama'a ba."

"Juyawa minti biyar ne. Amma ba zan taɓa ba sai ka gaya mata."

"In gaya mata me?"

"Wanda ya kayar da ita. Keke zan iya gyarawa. Abin da ka sa mata a kai, ba ni da sufanarsa."

Mu huɗu ne a kan benci, kowa ya ƙura wa takalminsa ido. Fatmir ya ɗauki keken kamar zai tafi, ya yi taku uku, ya tsaya. Sai ga ƙaton nan, da garin fulawa har gira, ya durƙusa a gaban 'yarsa.

"Blerta, ba ke ba ce. Ni na haɗa shi ba daidai ba."

Ta shafa tabon haɓarta. "To me ya sa ka ce ni matsoraciya ce?"

"Don babanki jaki ne."

"Wannan kam mun shaida," in ji Hilmi, yana laluben sufana.

Ta yi dariya, karo na farko a kusa da keken nan. Ranar ba ta hau ba, riƙe shi kawai ta yi ana gyara. Kwana tara tana turawa da ƙafa, uban yana barin tanda ya zo ya tsaya gindin ɓaure da hannuwa a buɗe. A na goma ta wuce shi, ta wuce ɓauren, sai da ya bi ta da gudu. Yau ita ke zuwa gida-gida a kan keke tana yi wa tsofaffin unguwa allura.

Usta, kai ne ka koya wa rabin unguwar nan tafiya a kan taya biyu, ba ka taɓa riƙe wa kowa sirdi ba. Kai ne ba ka raina abin da talaka ya iya saya wa ɗansa ba, ba ka kuma ji tsoron gaya wa uba gaskiya a gaban ɗansa ba. Gwanin kekuna, mun gode. Allah ya ba hannun nan hutu da lafiya.

Ku kuma samarin da kuka buɗe shaguna masu gilashi, ku daina korar kekunan kwali, a kansu ake fara koyo. Iyaye, ga abin da tsohon nan ya bar mana: in yaro ya faɗi, a fara duba keken, da wanda ya haɗa shi, kafin a sa wa yaron sunan matsoraci.