Amawalin Malam Alhusaini

Ina fadama da hantsi ina ba albasa ruwa, sai babban ɗan maƙwabcina ya zo ya tsaya a kaina. Sai da na ajiye fartanya sannan ya ce Baba ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam Alhusaini, maƙwabcina na katanga ɗaya a Goronyo, ya riga mu gidan gaskiya.

Buzu ne daga wajen Tawa a Nijar. Fari ya ƙarar masa da dabbobi, ya gangaro da iyalinsa ya kama gadin rumbunan albasa. Ba shi da yawan magana, amma in ya ce zai zo, to, ka shimfiɗa tabarma kawai. Yakan tsokane ni wai mu mutanen Rima muna shan shayi kamar ana korarmu, shi kuwa sai an yi zagaye uku yake sallamar baƙo.

Abu ɗaya ya kusa raba mu, kuma laifina ne. Duk ran da na fito da tuwo, sai ya ɗebi nasa ya juya mini baya, ya ci ta ƙarƙashin amawali, wato gefen rawanin da ke rufe masa baki. Ni kuwa ga saurin zuciya. Na ɗauka ƙyamarmu yake yi, na daina fitowa da akushi, gaisuwa ma ta koma ɗaga hannu daga nesa. Wallahi abin ya ci mini rai, don ina son mutumin.

Shi ya tako har zaurena. Ban bari ya zauna ba na ce, "Mi munka yi maka da ba ka iya cin tuwonmu ido da ido?"

Ya ce, "Yaya, wurinmu ba a buɗe baki gaban wanda ake jin nauyi. Da ba ka da girma gare ni, da tuni ka gani."

Kunya ta rufe ni. Daga ranar muka koma ci baya da baya, akushi a gefenmu, muna hira kowa na kallon bangonsa. Mutane suka yi dariya har suka gaji, mu dai muka tsufa a haka, cikin daɗin rai.

Da aka zo wanka, iyalinsa suka ce ya bar wasiyya ni zan yi masa, ni ne ɗan'uwansa a ƙasar nan. Aka warware rawanin. Na yi masa alwala da hannuna, amma na kau da idona daga bakinsa har aka rufe shi da likkafani. Ban duba ba. Nauyin da ya ji nawa shekara da shekaru, ranar na samu na mayar masa.

Allah Ya jiƙan Malam Alhusaini, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makoma. Allah Ya ba iyalinsa haƙuri, Ya raya abin da ya bari, Ya ba ni ikon riƙe su yadda ya riƙe ni. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani.