Ƙarƙashin Jan Benci

Shekara ashirin da uku yana gyaran teburan makarantar nan, amma ka tambayi malamai sunansa, sai su kalli juna. Baba Kafinta kawai suke ce masa, shi ma sai ƙafar kujera ta ɓalle. Shagonsa wani ɗan ɗaki ne a bayan ajujuwa, cike da karyayyun tebura da gwangwanayen ƙusoshin da ya miƙar da kansa. Malamai saman tebur suka sani. Shi kuwa aikinsa kife tebur ne, don haka duk abin da yara suka ƙarta a ƙasa da reza ko ƙusa, shi ke karantawa, harafi bayan harafi, don a aji huɗu ya bar boko.

Akwai wata al'ada a makarantar, Allah kaɗai ya san wane marar tausayi ya ƙirƙiro ta. Ranar ba da sakamako, shugaban makaranta kan karanto sunaye daga ƙasa zuwa sama. Ukun da suka zo ƙarshe a jarrabawa su za su riƙa ɗauko wani jan benci daga sito kowace safiya, su zauna a kai a filin taro suna fuskantar sauran ɗalibai, in an watse su mayar, har zango ya ƙare. Wai don su ji kunya su ƙara ƙoƙari. Kunyar dai sun ji ta har ta yi musu yawa, ƙoƙarin ne ba wanda ya taɓa gani. Abin da ke ci wa Baba rai, shi ya ƙera bencin shekarar da aka ɗauke shi aiki, har fenti ya shafa masa sau biyu yana jin daɗi, bai san abin da za a yi da shi ba.

Wata safiya ya tarar da wata yarinya a shagonsa a maƙale bayan tebura, tana cizon farce har ya yi jini. Shiru-shiru yara ke kiranta. Bara tana cikin na gaba-gaba, bana mahaifiyarta ta rasu ta koma hannun gwaggonta, sai ga sunanta farkon wanda aka karanto. Duk yawan malaman nan babu wanda ya tambaye ta me ya faru.

"Me kike yi a nan, 'yata?"

"Cikina ke ciwo, Baba."

Ciwon cikin nan da ƙararrawa yake zuwa, ana watsewa ya tafi. Baba bai tona ta ba. Ya miƙa mata sanfefa ya ce ta goge masa ƙafar tebur. Kwana huɗu suna haka, ran Alhamis ta ce, ba ta ɗago kai ba, "An gano ina ɓuya. An ce ran Litinin sai na zauna ko ina so ko ba na so. Na gaya wa gwaggo ba zan sake zuwa ba, ta ce shi ke nan."

A ranar ce masinja ya kawo jan bencin, ƙafa ɗaya ta karye, shugaba na son sa kafin Litinin. Baba ya kife shi, yadda ya saba. Babu wurin da za ka ɗora yatsa a ƙasan katakon nan ba ka taɓa rubutu ba. Ya tsuguna yana haɗa haruffa. "Kada a gaya wa babana." "Ni jaki ne." "Da ma ban farka ba yau." Rubutun yara ne, wani ya tsufa har ya yi baƙi, wani kuwa sabo ne fil.

Ya saɓa bencin a kafaɗa har ofishin malamai, ya dire shi a kife bisa takardunsu.

"Baba, gyara aka ce ka yi," in ji shugaba.

"Ranka ya daɗe, ni karatuna ba sauri. Karanta mini wannan da ƙarfi, da muryar nan da kake karanta sunaye."

Shugaba ya gyara tabarau, ya karanta layi ɗaya, na biyu ya maƙale masa. Ya fara cewa ai yara ne, ba su san abin da suke faɗa ba. Sai malamar lissafi ta taso, ta daɗe tana dubawa, ta ɗora yatsa kan wani tsohon rubutu a kusurwa.

"Wannan nawa ne," ta ce. "Lokacin shekarata goma sha biyu. Na san abin da nake faɗa."

Kada ka ɗauka wani ya nemi gafarar yaran. Ran Litinin cewa aka yi benci ya lalace, an jingine zancensa. Baba ya cire masa sauran ƙafafun uku, don kada wani ya yi tunanin gyara.

Da aka buga ƙararrawa sai ga Shiru-shiru a ƙofar shago da jakarta. Ya miƙa mata sanfefa. Ta girgiza kai.

"Yau cikin bai ciwo, Baba," ta ce, ta wuce ta shiga layin taro.