Tsohuwa da Jan Katako

Wendell, mai shagon katakon hawan raƙuman ruwa a Santa Cruz, bai san tsohuwar nan ba. Kanta fari fat, rana ta gasa mata kafaɗu, tana ɗingishi. Amma dubi yadda take shafa dogon jan katakon can, har da sunsunar kakin jikinsa! Lalle wannan a cikin tsohuwar mota ta ci ƙuruciyarta, tana bin gaɓar teku.

"Mama, jikanki za a saya wa?" in ji Wendell.

Ta tuntsire da dariya. "Wane jika? Yaro, tun ba a haife ka ba nake hawa! Litinin likita zai yi mini aikin ƙugu, wai daga nan na daina. To yau Asabar ce. Sauko mini da shi maza, ruwa na tashi!"