Ya kashe uwar, ya dawo neman ɗan

Ina tsugune ina ɗiga wa 'yan kyanwata nonon akuya da sirinji, sai ga sallamar maƙwabcinmu, Baba Ɗanjuma.

Kwana tara ke nan da ya barbaɗa shinkafar ɓera a ƙarƙashin rumbun masararsa, bai gaya wa kowa ba. Kyanwata ta cinye ɓeran da ya ci gubar, ta mutu ta bar jarirai huɗu, ko ido ba su buɗe ba.

A Kuyello ina zan ga likitan dabbobi? Sai Birnin Gwari, kuma kowa ya san yadda hanya take. Sirinjin ma a kemis na roƙa. Duk bayan awa biyu sai na ba su nono, in shafa musu ciki da tsumma mai ɗumi su yi fitsari, tunda babu uwar da za ta lashe su. Ɗaya a tafin hannuna ya mutu.

Baba ya leƙa kwalin da suke ciki ya ce, "Maman Husna, in sun yi wayo ki ajiye mini jan nan. Ɓeraye sun addabi masarata, maganin bai yi aiki ba."

Na ce, "Ya yi aiki, Baba. Mai kama muku ɓerayen ya kashe."

Ya ce, "To, ai kyanwa ce kawai."

Shekara uku tana gadin rumbunsa, yau ta zama kyanwa kawai. Furfurarsa ce ta sa na haɗiye sauran maganar.

Jan yana barci a cinyata yanzu. In ku ne, za ku ba shi?